Amsa ga mai 280Z: kar ka bari a taɓa injin nan tukuna

Salam. Malam na ga tambayarka tun shekaranjiya, na ce bari sai na samu zama in amsa a tsanake, don abin da kake shirin yi ɗin nan ni na taɓa yin rabinsa kuma har yau ina cizon yatsa. Ka ce ka sayo Datsun 280Z 'yar 1977 daga Amurka ta shigo ta Kwatano, tana tashi amma tana rawa a silo, tana shan mai kamar ba gobe ga baƙin hayaki, bakanikenka ya ce a cire injekta a mayar da ita kafireta, abokai kuma sun ce a tumɓuke injin gaba ɗaya a dasa injin Toyota 2JZ, a yi fenti a sa manyan rim. Kana tambaya da wanne za ka fara.

To Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Amma amsata ita ce kar ka fara da ko ɗaya. Tawa 'yar 1976 ce, shekara tara kenan tana hannuna, na same ta wajen wani dattijo a Kaduna ta yi shekaru a ƙarƙashin bishiyar mangwaro kaji na ƙwai a bayan kujera, kuma duk kuɗin da na yi asara a kanta a wata shidan farko na yi shi, lokacin da nake ɗokin in ga ta yi ƙyalli.

Kafin komai ka kai ta rami ka shiga ƙarƙashinta da kanka da tocila da sukundireba. Da kanka na ce, ba yaron gareji ba. Motar nan ba ta da shasi daban irin na akori-kura, bodin shi ne ƙashin bayanta, idan tsatsa ta ci bodin to ta ci motar. Ka cire batir ka duba farantin da yake zaune a kai, nan ne ta fi fara ruɓewa saboda ruwan batir yana ɗiga shekara da shekaru, daga nan ya gangara ya ci ƙarfen da ya riƙe ƙafar gaba. Ka bi dogayen ƙarafan nan biyu da suka miƙe ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja kana caka musu sukundireba, ka ɗaga kafet, ka kankare baƙin abin nan mai kama da kwalta da aka manna a ƙasa don shi yake ɓoye ɓarna, ka duba gaban tayoyin baya daga ƙasan ƙofa, ka duba bakin but inda murfin baya yake sauka, da ramin safaya. Ka samo maganaɗisu ka naɗe shi a ƙyalle kana bin jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa boti ne aka cika aka fesa fenti a kai. Ni na yi wa tawa fenti ja mai kyau, kowa na yabawa, damina ɗaya fentin ya fara tasowa kamar ƙuraje a gefen ƙofa, da fanal bita ya kankare sai ga boti ya kai kaurin ɗan yatsa, a bayansa har da tsumma da guntun gwangwani. Kitso na yi da ƙwarƙwata, fenti biyu na biya. Motar da ta zauna a jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara inda ake barbaɗa gishiri a titi ta fi shan wannan wahala, in taka daga irin su Arizona ko Kalifoniya take to ka yi sa'a. Idan za a yi walda ka tsaya a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe, kar a lulluɓe shi, kuma a sauke tankin mai tukuna.

Sai maganar injekta, wadda ita ce ta sa ma na zauna rubutun nan. Injin naka L28 ne, silinda shida a jere, 2753cc, kuma tsarin man da ke kansa L-Jetronic ne na Bosch, daga 1975 zuwa 1978 duk da shi 280Z ta fito. Bakaniken da ya ce a cire ba mugunta yake nufi ba, abin da bai sani ba ne yake tsoro, kuma mun saba a nan duk motar da ta gagara sai a ce a mayar da ita kafireta. Amma wallahi tsarin nan ba shi da wani sihiri, ko kwamfutar gwaji ba ya buƙata, mita kawai da haƙuri. Abin da ka lissafa, rawa da shan mai da baƙin hayaki, abu na farko da zan zarga shi ne ɗan sensan zafin ruwa da ke jikin gidan tamostat a gaban injin. Idan soket ɗinsa ya yi kore saboda tsufa sai ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka injin a sanyi yake kullum ta riƙa antayo mai. Nawa haka ya yi min wata huɗu, na canza filogi saiti uku, ashe soket ne, da na goge shi da 'yar sanfefa na matse bakinsa motar ta dawo kamar ba ita ba. Ka bi duk soket na injektoci shidan ka wanke, ka duba inda aka ɗaure wayoyin at a jikin injin, ka duba baƙar robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ma'aunin iska da totur, tana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. A auna ƙarfin famfon mai, wajen 36 psi ya kamata ya ba ka. Kuma don Allah kar ka bari kowa ya ɓalle baƙin murfin ma'aunin iskar nan ya ce zai juya sifirin ya rage shan mai, gyaran gangar Abzinawa ne, in an juya ba a sa alama ba sai ka nemi wani.

Sannan ka tambaya ko tamostat na nan. Ina da yaƙinin in motar ta kwana biyu a gareji an riga an cire an jefar an ce wai ƙasarmu zafi. A mota mai injekta cire shi yana hana injin kaiwa zafin da ya dace da wuri, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ba da mai da yawa, man ya wanke silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ka mayar da shi, mai buɗewa a zafin digiri 82 (Celsius) ne na asali. In tana zafi to lagireto ne ya toshe ko kulocin fanka ya mutu, a je can a gyara. Kuma ka daina zuba mata ruwan rijiya zalla, top silinda da murfin gaban injin duk alminiyom ne, ruwa zalla cinye su yake ta ciki, ka sa kulant.

Abu ɗaya da ba na so ka jinkirta ko na mako guda shi ne tiyon mai. Duka. Daga tanki har gajerun nan da ke kan kowane injekta. Robar ta haura shekara arba'in, kuma a injin nan bangaren shan iska da na fitar hayaki a gefe ɗaya suke, wato man da ya ɗigo kan ƙarfe mai zafi zai sauka. Na ga wata ta kama da wuta a gabana, mai ita yana ta watsa ƙasa yana salati, minti biyar ba a yi ba wayoyi da fentin bonet sun tafi. Ka sayi tiyo na injekta mai jure matsi, ba na kafireta ba, ka ajiye abin kashe gobara a bayan kujera. Tankin ma a sauke a wanke, in akwai tsatsa a ciki duk gyaran da ka yi a gaba banza ne. Haka tiyon birki da man birki, haka tayoyi, ka duba lambobi huɗun nan na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, taya na iya zama da zane raɗau amma ta bushe kamar ƙirgi.

Shi kansa injin kuwa, tsohuwar zuma ce. Da wannan jinsin injin, yayansa L24, Datsun 240Z wadda ta riga taka fitowa ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, a kan laka da ƙura irin tamu, ba a kan kwalta mai santsi ba. Sarƙa ce da shi ba bel ba. Ka ba shi baƙin mai 20W-50 mai kyau, ka sa a saita bawul da filagej, ma'aunin tazara, injin yana da zafi, milimita 0.25 na shiga 0.30 na fita, ba da kunne ba kamar yadda wasu ke yi. Jerin wutarsa 1-5-3-6-2-4, ka rubuta ka ajiye don wata rana wani zai cire wayoyin filogi ya rikita su. Ka sa a auna kwamfureshan na silinda shida kafin kowa ya ce maka injin ya gaji. Idan ta kama sai an sauke top silinda to ga inda na ci wuya: kafin a cire giyar saman sarƙa dole a cusa katako mai tsini a tsakanin sarƙar a danne ta, in ba haka ba abin da ke ɗame sarƙar daga ƙasa zai fito daga gidansa, aikin yini ɗaya ya koma sai an kwance gaban injin gaba ɗaya. Nawa bakaniken bai sani ba ni ma ban sani ba, sati biyu motar ta yi a kwance, shi yana cewa laifin motar ne ni ina cewa nasa ne.

Kayan gyara ba su kai wahalar da ake tsorata ka ba. L28 ya zo a tsohuwar Patrol da Datsun 280C, don haka in ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka yi haƙuri ka tambayi dattawan kasuwa, ba samarin bakin hanya ba, za ka iya dacewa da gasket, sarƙa, famfon ruwa da makamantansu. Amma ka tafi da tsohon a hannu a gwada, don ba komai ne yake shiga ba. Robobin ƙofa da gilas da fitilu da kayan injekta kam sai oda daga waje, ka tara su ka yi oda sau ɗaya kuɗin jirgi ya yi maka sauƙi. Ka sa robar murfin baya da ta fitilun baya a farkon lissafi, motocin nan suna da halin zuƙo hayaƙin salansa ta baya ya shigo ciki musamman in ka sauke gilas, ni sai da na yi ta ciwon kai bayan kowace tafiya kafin na gane.

To in duk wannan ya kammala, ka tuƙa ta wata shida a yadda take, sannan mu yi maganar ƙari. Ƙarin da ni na ga amfaninsa ba wanda ake gani daga nesa. Rile a fitilun gaba, don a tsarin asali duk wutar ta makunnin sitiyari take bi tana ƙona shi tana narka gidan fiyus, da ka sa rile fitila ta ƙara haske makunni ya huta. Altaneta ta 280ZX, samfurin da ya biyo bayan taka, mai 60 amp, amma a samu mai wayarin da ya san yadda ake zagaye tsohuwar regileta. Idan giyarka huɗu ce, giya biyar ta 280ZX tana shiga, kuma a hanyar Kano zuwa Zariya za ka ji bambanci a kunnenka da aljihunka. Birkin gaba akwai kalifa mai fistin huɗu ta tsohuwar Hilux mai ja huɗu ta farkon shekarun 1980 da ke ɗauruwa a wurin, ko da yake ni na gano sabon kambu da sabon mai da saita birkin baya sun ishe ni. Sabbin shokozoba da bushin, su ne za su sa ka ji kamar an canza motar. In kana jin ƙwas daga baya duk sanda ka saki kuloci, mazaunin difiransha ne ya yanke, sananniyar cuta ce. A sandar da ta tokare ƙafar gaba kar ka sa bushin mai tauri gaba da baya, yana iya karya sandar, ka bar na roba.

Rim kuma, inci 14 ta zo da shi, 15 ya yi, in ka matsa 16. Ka sa 18 ka sauke ta ƙasa ka ga yadda za ku ƙare da tudun rage gudu na unguwarku, ga sitiyarin ba fawa, sai ka yi gumi kafin ka yi kwana a layi.

2JZ ɗin fa? Kuɗinka ne motarka ce, ba zan ce haramun ba ne, kuma na ga waɗanda aka yi wa a waje sun yi kyau ƙwarai. Amma can an ƙarfafa bodi, an canza birki da difiransha da komai. A nan abin da na saba gani shi ne a yanka a yi walda a haɗa wayoyi da salatif, mota ta yi shekara biyu a gareji ƙura ta rufe ta, mai ita ya gaji ya sayar da ita a kuɗin ƙarfe. Garin neman gira a rasa ido. In gudu kake so motocin gudu sun cika gari kuma sun fi arha. Duk abin da ka cire daga jikinta, ko manyan bambobin nan masu nauyi da dokar Amurka ta sa aka liƙa mata waɗanda kowa ke son cirewa, ka wanke ka sa a kwali ka rubuta suna ka kai ɗaki, kar ka bari a gareji. Ni nawa na bari, da na koma nema an ce yara sun kai wa 'yan gwangwan.

Ka nemi littafin gyaranta na kamfani na 1977, yana yawo a intanet kyauta, ka buga sashen injekta da na wayarin ka kai wa bakaniken ku zauna tare. In ya ce shi ba ya aiki da takarda to ka canza bakanike.

Yanzu dai ka turo mana hoton ƙarƙashin batir, da na ƙasan ƙafar direba bayan ka ɗaga kafet, da na soket ɗin gidan tamostat, da filogi shidan a jere yadda ka ciro su daga na ɗaya zuwa na shida.