Me ya sa manhajata ke cewa 2 + 3 * 4 ashirin ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wani ɗan ƙaramin yaren kwamfuta da Python, umarninsa da Hausa, kamar "idan" da "buga". In na ba shi 2 + 3 * 4 sai ya ce 20. Da na sake ƙa'idar na ce lissafi shi ne lissafi + lamba, sai manhajar ta mutu da RecursionError. Ina matsalar take? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Matsalarka tana cikin nahawun da ka rubuta. Ka jera tarawa da ninkawa a sahu ɗaya, shi ya sa manhajar ke bi daga hagu, ta tara 2 da 3 sannan ta ninka.

Ka raba ƙa'idojin hawa uku. Lissafi shi ne gaɓoɓin da + ko - ya haɗa. Gaɓa ita ce ƙwayoyin da * ko / ya haɗa. Ƙwaya kuwa lamba ce, ko suna, ko wani lissafin cikin baka. Kowane hawa ka ba shi fanshin nasa, wato guntun manhaja mai aiki ɗaya da ake kira da sunansa. Tunda ninkawa na hawan ƙasa, sai an gama da ita kafin tarawa ta taɓa ta, sai ka samu 14. Irin wannan rubutun ƙa'ida ake kira BNF, daga sunayen John Backus da Peter Naur, kuma da shi aka bayyana yaren ALGOL 60.

Mutuwar manhajar kuma, fanshin lissafi ne ke kiran kansa tun bai cinye ko harafi ɗaya ba, har ya kai iyakar Python, wadda ke kusan kira 1000. Ka karanta gaɓa ɗaya tukuna, sannan ka sa while, umarnin maimaitawa: muddin + ko - na gaba, karanto wata ka haɗa da ta hannunka. Kada ka mayar da kiran zuwa dama, don 10 - 3 - 2 zai ba ka 9 maimakon 5.

Shawarata, ka bar Bison da ANTLR, manhajojin da ke ƙera maka mai karanta nahawu, tukuna, ka rubuta shi da hannunka. Ko GCC, sananniyar manhajar fassara yarukan kwamfuta, ta koma na hannu a sigar 3.4 don C++, a 2004.

Tunda Hausa ce, ka lura da 'y. In alamar ' ce ke buɗe zance a yarenka, suna kamar 'yan_aji zai rikita mai tsinka kalmomi. Ka karɓi ƴ a sunaye, zance kuma ka bar wa alamar " kaɗai.