Jan rubutu a sakamakon gwajin jini: me kwamfuta take nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Gusau nake rubutowa. Ɗakin gwaji sun turo min sakamakon jinin mahaifiyata ta WhatsApp. Na ga wata lamba da jan rubutu da harafin L a gefenta, na kwafa na sa a Google, abin da na karanta ya hana ni barci. Kuma sukarinta a takardar 5.2 ne, alhali na'urarmu ta gida 94 take nunawa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Maganar sukari mai sauƙi ce, duk biyun abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta. Takardar mmol/L take amfani da shi, na'urarku kuma mg/dL. Ninka 5.2 sau 18 za ka samu kusan 94.

Shi kuwa jan rubutun, ba likita ne ya sa shi ba. Kwamfutar ɗakin gwajin tana da iyakar ƙasa da ta sama da aka ɗora mata, duk lambar da ta tsallake sai ta liƙa mata L in ta yi ƙasa, ko H in ta yi sama, ko da tsallakewar ta taki ɗaya ce. Iyakokin nan ana samo su ne ta hanyar gwada mutane masu lafiya, aƙalla 120 a ƙa'ida, a ɗauki kashi 95 cikin 100 na tsakiya. Kenan cikin lafiyayyu 20, ana sa ran ɗaya zai faɗo waje ba tare da ciwon komai ba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne injina da yawa suna zuwa da iyakokin da aka auna a Turai ko Amurka. Mu kuwa 'yan Afirka da dama, wani nau'in fararen ƙwayoyin jininmu ya fi na Turawa ƙaranci, kuma haka Allah ya halicce mu. Kamata ya yi kowane ɗakin gwaji ya gwada lafiyayyu 20 na yankinsa, ya tabbatar iyakar ta dace kafin ya fara aiki da ita. Shekaru, jinsi da juna biyu ma suna canza ta.

Kada ka yanko lambar kaɗai ka tura wa likita. Tura masa takardar gaba ɗayanta, da layin iyakokin da ke gefe, ka haɗa da tsohon sakamakon Hajiya in kuna da shi, ka kuma faɗa masa magungunan da take sha.