Shuka a Cikin Ruwa a Gidan Haya: Amsa ga Matashin Tudun Wada

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne, shekara biyu ke nan da gama difloma ban samu aiki ba. Ina haya a Tudun Wada, ciki da falo da 'yar baranda ta baya. Wani abokina ya nuna mini bidiyon Turawa suna shuka tabar wiwi a cikin ɗaki, babu ƙasa, sai ruwa da fitilu. Ya ce mu haɗa kuɗi mu gwada, ba mai sani, kuma akwai samu. Ni dai abin da ya burge ni shi ne yadda shuka ke girma ba ƙasa. Don Allah ta ina ake farawa a ƙaramin wuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sa kuɗinka. Maganar wiwi, ba zan koya maka ba, kuma ina roƙonka ka cire ta daga ranka. Da yawa daga masu irin wannan bidiyon suna ƙasashen da dokarsu ta yarda ne, kamar Kanada da ta halatta ta a 2018. Kai kuwa a Kaduna kake. Tun 1966 Najeriya take da doka a kan wiwi, sannan dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta sa shuka miyagun ƙwayoyi cikin laifukan da hukuncinsu ke iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Doka ba ta ce sai gona guda ba. Tushe ɗaya a bokiti ma shuka ce. Batun "ba mai sani" kuma, kai ka san gidan haya: bango ɗaya, tsakar gida ɗaya, yaran maƙwabta na shiga suna fita. Ranar da abin ya fashe, ɗakin da sunanka aka kama hayarsa, ba da sunan abokinka ba. Kuma ko da ba a kama ka ba, wa za ka sayar wa? Yaran unguwarku ne, ƙannenka.

Amma abin da ya burge ka ɗin, shi halal ne, kuma ina yin sa a bayan gidana a Unguwar Dosa. Shuka ba ƙasar take ci ba. Abin da take nema wajen ƙasa shi ne ruwa, da sinadaran abinci, da iska ga saiwa, da wurin tsayawa. In ka ba ta waɗannan, latas zai yi maka kyau a bokitin fenti.

Fara da manta fitilun nan. Shukar cikin ɗaki tana son hasken fitila awa 12 zuwa 16 kullum, ga fanka, ga famfon da ke juya ruwa. Da yadda ake ɗauke wuta a garin nan, yini ɗaya na zafi ya isa saiwa ta shaƙe, kuɗin man janareto kuma zai cinye ribar tun kafin ta zo. Rana kyauta ce. Ka tsaya gobe ka lura da barandarka: in tana samun rana awa 5 ko 6, musamman ta hantsi, to ka samu gona.

Hanyar da nake bi ita ce wadda wani masani mai suna Kratky na Jami'ar Hawai a Amurka ya yaɗa, ba ta buƙatar wuta ko famfo. Ka samu bokitin fenti mai lita 20 da murfinsa, ka wanke shi tas. Ka huda murfin wuri huɗu, faɗin bakin ƙaramin kofin roba. Kofunan su ma ka yi musu huji da yawa a gindi da gefe, ka cika su da ɓuntun shinkafa da aka wanke ko zaren ɓawon kwakwa. Kowane tushen latas yana shan wajen lita 4 daga dashe zuwa girbi, shi ya sa huɗu suka dace da bokiti ɗaya. Ka yafa irin a gefe guda, in ya yi ganye biyu ko uku na gaske, sai ka dasa a kofi. Ka zuba ruwan da ka haɗa da taki a bokitin, ya taɓa gindin kofin kaɗan kawai.

Ga inda sirrin yake, kuma a nan na yi asarar farko. Yayin da shukar ke sha, ruwa na sauka, saiwa na bin sa ƙasa, sai a samu fili tsakanin murfi da ruwa. In ka ɗaga murfin bayan mako biyu za ka ga saiwar sama ta yi fari fat, da wasu ƙananan gashi kamar auduga. Da waɗannan take numfashi. Ni a karon farko na ga ruwa ya yi ƙasa, tausayi ya kama ni, na cika bokitan har baki da yamma. Kwana biyu ganyen ya yi yaushi kamar an zuba masa ruwan zafi, saiwar ta koma ruwan ƙasa tana wari. Bokiti shida na zubar a ranar, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. In har ya zama dole ka ƙara ruwa, kada ya kai ga waccan farar saiwar ta sama.

Taki shi ne inda za ka kashe kuɗi. Kada ka ɗebo takin zamani na masara ka jiƙa. Ba ya narkewa duka, kuma ba shi da wasu sinadaran da ƙasa ce ke cike giɓinsu a gona. Ka nemi takin da aka haɗa don noman cikin ruwa, yawanci kashi biyu yake zuwa, A da B. Kada ka haɗa su da kaurinsu, za su dunƙule su kwanta. Zuba na farko a ruwa ka motsa, sannan na biyun, daidai awon da aka rubuta a jiki. Ka sayi 'yar takardar gwajin tsamin ruwa, wato pH, ka riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5. Ruwan rijiyar burtsatse ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, don haka ka gwada naka. In na famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe.

Haske kada ya shiga cikin bokitin, in ba haka ba gansakuka za ta cika shi ta cinye takin. Na naɗe nawa da baƙar leda, sannan na rufa farin buhu a kai don kada ruwan ya yi zafi. Ka toshe duk wata kafa a murfin saboda sauro, kada ka yi wa gida kiwon zazzaɓi.

Lokacin farawa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A sanyin nan latas kan isa ci cikin mako biyar ko shida da dashe. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo sai ya yi tsiri ya yi ɗaci, to a lokacin ka koma alayyafo da na'a-na'a. Tumatir da attaruhu ka bar su tukuna, suna shan ruwa da yawa kuma suna daɗewa.

Kada in ruɗe ka da zancen kuɗi. Bokiti biyar ba za su yi gogayya da masu lambun bakin Kogin Kaduna ba. Abin da za ka fara samu shi ne ganyen gida mai tsabta, babu yashi, da kuma sanin aikin a hannunka. Daga nan kana iya kai samfur wajen masu sayar da abinci da masu haɗa kwaɗon latas na biki, ka ji nawa za su saya kafin ka ƙara bokiti. Fara da biyu, ka riƙa rubuta ranar dashe da awon takin da ka zuba. In ganyen ya fara rawaya ko bakinsa ya ƙone, rubuto mini ka faɗi wane ganye ne, na ƙasa ko na sama, sai mu duba tare.