'Yata Na Son Aikin Binciken Ƙwayar Lassa Da Ebola, In Bar Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. 'Yata tana ajin ƙarshe a Jami'ar Bayero, tana karanta ilimin ƙananan halittu. Ta ce in ta gama so take ta ƙware a kan ƙwayoyin bairos masu kisa, irin su Lassa da Ebola. Tun ranar da ta faɗa ban yi barcin kirki ba. Kowa gudun cuta yake, ita kuma wajenta za ta nufa? Don Allah mene ne gaskiyar aikin nan, kuma akwai abinci a cikinsa? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita. Tsoronki yana kan hanya, kuma ba zan ce miki babu haɗari ba, don aikin nan ya ci rayuka.

A 1969 aka fara gane zazzaɓin Lassa, a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, bayan ya kashe ma'aikatan jinya 2 na mishan. Da aka kai jinin Jami'ar Yale a Amurka, babban masanin da ke binciken, Jordi Casals, ya kamu, da ƙyar ya sha bayan an ƙara masa ruwan jinin wata nas da ta warke. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji a can bai tsira ba. A 1970 kuma Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ta rasu. Duk ƙa'idojin da muke bi yau, a kan irin waɗannan mutuwar aka gina su.

Amma ga abin da nake so ki riƙe. A yau wanda ke cikin ɗakin gwaji ya san abin da ke hannunsa. Kwalbar jini takan zo masa a naɗe cikin mazubi 3, da rubutu a jiki cewa ana zargin Lassa. Wanda bai sani ba shi ne nas ɗin da ke sa wa mai zazzaɓi ƙarin ruwa tana zaton maleriya ce, da likitan da ya shiga tiyata da daddare. Ba mu manta da watan Janairun 2020 ba, lokacin da Lassa ta ɗauke mana likitoci a nan Kano bayan sun yi wa wata mai juna biyu aiki, ba wanda ya san tana ɗauke da cutar. Haka Dakta Stella Adadevoh a Legas a 2014: a gadon asibiti ta haɗu da Ebola, wajen mutumin da ya shigo da ita daga Laberiya, ta hana shi fita, ta rasa ranta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma cikin dalilan da suka sa abin ya tsaya a nan akwai yadda ɗakin gwajin Farfesa Sunday Omilabu a Legas ya tabbatar da cutar cikin 'yan kwanaki. Aikin da 'yarki ke so ke nan: ta zama mai gaya wa likita abin da ke gabansa tun kafin ya sa hannu.

An kasa ɗakunan gwaji mataki 4 gwargwadon haɗarin abin da ake taɓawa. Mataki na 4 shi ne wanda ake gani a talabijin, mutum cikin riga mai kumbura da bututun iska, kuma a nan kaɗai ake rainon Ebola da Lassa da ransu. Irin wannan ɗakin kaɗan ne a duniya. A nahiyarmu akwai na Johannesbag a Afirka ta Kudu da na ƙasar Gabon. Mu a nan abin da muka fi yi shi ne mu buɗe samfur a cikin akwati rufaffe mai jan iska, da safar hannu biyu-biyu da takunkumi, mu zuba masa sinadarin da ke kashe ƙwayar nan take. Daga nan abin da ya rage gawar bairos ce, ita muke sa wa a injin PCR ya karanta mana ko wace ce. Wurin da aka fi samun kuskure shi ne cire kayan kariya, lokacin da mutum ya gaji, gumi ya jiƙa shi, yana son ya sha iska. Shi ya sa ba a cirewa sai wani yana tsaye yana kallo. Kuma mace mai ciki ba ta zuwa kusa da samfurin Lassa, domin cutar ta fi tsanani a watannin ƙarshe na ciki, kuma galibi ɗan ba ya rayuwa. Na san wannan yana ranki ko da ba ki faɗa ba.

Saboda haka in ɗalibi ya zo mini yana cika baki cewa shi ba ya tsoro, ba na sake masa. Na fi son yarinyar da za ta sake wanke hannu karo na 3 ba tare da an ce ta yi ba, wadda in ta yi kuskure za ta zo ta faɗa a take, ko da za a yi mata faɗa. Ke kika haife ta, kin fi ni sanin ko haka take.

Yawancin kwanakin aikin ma shiru ne. Lakabta kwalabe, jiran inji, rubutu, lissafi a kwamfuta, neman tallafin bincike. Abin da ya taɓa sa ni kuka a aikin nan wuta ce. Muna ajiye samfur a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wata ranar Juma'a a wani wurin da na yi aiki, janareta ya mutu ba a sanar da kowa ba, ranar Litinin na tarar da jinin da na kwashe wata 14 ina tarawa ƙauye-ƙauye ya narke. Mutanen da suka miƙo hannu suka yarda da ni, su na fi tunawa.

Yardar nan kuwa, a Kano ba abin wasa ba ce. Gwajin sabon magani da wani kamfanin ƙasar waje ya yi a kan yara a Asibitin Zana a 1996, lokacin sanƙarau, ya bar tabo a zukatan iyaye, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta fita daga shan inna na asali. Ina ganin da muna da 'ya'yanmu da yawa masu iya gwada abu da hannunsu, su fito su yi wa jama'a bayani da Hausa, da ba a kai haka ba. Lokacin korona ma, da aka samu mutum na farko a Kano a watan Afrilun 2020, mun ga yadda ƙarancin masu iya gwaji ya sa gari ya cika da jita-jita.

Batun hanya, ta riga ta hau. In ta gama bautar ƙasa sai digiri na biyu, sannan digirin digirgir. A ƙiyasta shekara 6 zuwa 8 in abubuwa sun tafi daidai. Jami'ar Ibadan tana da sashe guda na ilimin bairos, inda Farfesa Oyewale Tomori ya yi suna. Akwai cibiyar Farfesa Christian Happi a Ede, jihar Osun, wadda ta fara karanta tsarin halittar korona a Afirka, da asibitin Irrua a jihar Edo da ya shahara kan Lassa, da babban ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a Gaduwa, Abuja, da cibiyar dabbobi ta Vom mai bin murar tsuntsaye. Shugaban NCDC na farko ma, Farfesa Abdulsalami Nasidi, ɗan jihar Kano ne kuma masanin bairos.

Abinci akwai, na rufin asiri. Albashin jami'a ko na gwamnati ne, sai abin da tallafin bincike ya ƙara, kuma shekarun farko da wuya. Wanda ya ƙware ana nemansa har ƙasashen waje, wanda hakan ma wani ciwon ne a gare mu.

Kafin ku yanke shawara, ki sa ta nemi a tura ta ɗakin gwajin asibiti lokacin bautar ƙasa, ta shekara tana taɓa samfurin ciwon hanta da ƙanjamau a ƙarƙashin babba. Ta fara karɓar allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, duka 3, da ta cutar shawara. Duk inda za ta, ta tambaya: wa ke kula da ƙa'idar kariya, kuma me ake yi wa wanda allura ta soke shi? In suka yi ta kame-kame, ta nemi wani wurin. In da hali kuma ki raka ta rana ɗaya, ki tsaya ta bayan gilashi ki ga yadda ake buɗe kwalbar.