Ka fara gaida Mai Unguwa kafin ka leƙa ƙarƙashin gadar

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce manhajar Geocaching (wasan da wani ke ɓoye ɗan akwati, wasu su nemo shi da GPS na waya su rubuta sunansu a takardar ciki) ta nuna maka akwati a wata tsohuwar gadar dutse mai baka a wajen garin Bauchi, kana tambaya ko ka tafi kai kaɗai. Abin da na yi ke nan bara, har yau abin na cina a rai.

Bayan la'asar na isa, na durƙusa ƙarƙashin bakan ina haska fitilar waya cikin tsagar duwatsu. Ban ankara ba sai ga 'yan banga uku a kaina da gora. Mutanen da suka sha wahalar tashin bama-bamai a yankin nan, ta yaya za ka ce musu wasa kake yi? Suka karɓe wayata, suka zaunar da ni a ƙasa, yara suka yi mini zobe, wata tsohuwa tana cewa asiri na zo binnewa. Har aka kira magariba ina ta rantse-rantse. Ni da iyali, da furfura a gemu! Shi kuwa wanda ya ɓoye akwatin bai sanar da kowa a garin ba. Na tura masa saƙo, ya karanta, ko sannu bai ce mini ba.

Don Allah ka fara zuwa wajen Mai Unguwa, ka nuna masa wayar, ka roƙi ya haɗa ka da yaro. Kada ka cusa hannu cikin rami, riƙe sanda. Kububuwa na son irin wurin, ba a banza asibitin masu cizon maciji na Kaltungo yake cika ba. GPS ma yana rikicewa ƙarƙashin dutse, sai ya kauce da mita 10, ka yi ta lalube a banza. A watan Agusta ko kusa kada ka je, ruwa kan taho ba sallama.

Kuma kada ka girgiza ko dutse ɗaya. Bakan gada kowane dutse da ɗan'uwansa ya jingina, na tsakiya can sama shi ya kulle su duka. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin da ya ɓoye akwatin har ƙwaƙule abin da aka liƙe duwatsun da shi ya yi don ya cusa 'yar robarsa. Da Mai Unguwa ya sa aka zaro ta a gabana, takardar ciki ta jiƙe sharkaf, ko sunana ban iya rubutawa ba.