Kuɗin rashin aiki a Amurka: amsa ga ƙanina mai neman lambar waya

Ƙanina, saƙonka ya iso. Ka ce kana shirin zuwa Amurka yin digiri na biyu, kuma wani ya ba ka labarin cewa a nan idan aiki ya ƙare, waya kawai mutum zai buga gwamnati ta riƙa turo masa dala duk mako, wahalar kawai a samu layin ya shiga. Kana son lambar da dabarar samunsu.

To, lamba ba ɗaya ba ce. Kowace jiha da ofishinta, da dokarta, da abin da take biya. Kalifoniya ba ta wuce dala 450 a mako, Fulorida 275, Misisifi 235. Yawancin jihohi mako 26 suke biya su tsaya, wasu ko rabin haka ba sa kaiwa. Mai ba ka labari ina jin zamanin korona yake tunawa, lokacin da gwamnatin tarayya ta ɗora dala 600 a kan na kowane mako a 2020. Wannan an daɗe da rufe shi.

Kuɗin nan ba sadaka ba ne, inshora ce. Masu ɗaukar ma'aikata ke zuba haraji a asusun, ofis kuma ya duba albashin da aka rubuta da lambar soshiyal ɗinka (lambar shaidar da gwamnati ke ba ma'aikaci) a baya. Wanda ake damƙa wa kuɗi a hannu a shagon ɗan'uwa, a wurin kwamfuta bai taɓa aiki ba, ko da ya shekara biyar yana ɗaukar kwali. Kuma sai in sallamarka aka yi ba da laifinka ba. In kai ka yi zuciya ka ajiye aiki, da wuya.

Ga inda abin ya shafe ka kai tsaye. Sharaɗin biyan shi ne kana da izinin aiki kuma a shirye kake ka kama aiki gobe. Ɗalibi mai bizar F-1 awa 20 a mako aka yarje masa a cikin makaranta lokacin karatu, kuma galibi irin wannan aikin ba ya shiga lissafin inshorar. Bayan ka gama, in ka samu OPT, wato izinin aiki na bayan karatu, kwana 90 kacal aka ba ka na zaman banza a cikin shekarar. Mai H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararru, da aka sallama, kwana 60 ne iyakarsa ya samu wani wurin ko ya tattara. Ka ga ke nan ranar da aiki ya kuɓuce, bizarka ce abin tashin hankali kafin kuɗin mako.

Amma tunda ka tambaya, ga yadda waɗanda suka cancanta suke yi. A intanet ake cike takarda tun makon farko, waya sai in abu ya maƙale. In ya maƙale, sai ka ga mutum ya tashi bayan asuba, ya jera katin soshiyal, takardun albashi, sunan kamfani da adireshinsa da ranar da ya daina aiki a kan tebur, ya danna kira daidai minti da ake buɗewa. Litinin cinkoso, gara Laraba ko Alhamis. Ya sa wayar a sifika, caja a jone, yana shan shayi wani kiɗa maras daɗi yana ta maimaita kansa. Wani lokacin murya ta ce masu kira sun yi yawa, ƙit, ta katse. A sake. Idan mutum ya ɗauka, ka rubuta sunansa da ranar da abin da ya ce, in Turancinsa ya yi maka sauri ka nemi tafinta, ba a biya. Kada ka daina cike rahoton kowane mako don ba a fara biya ba, nan mutanenmu suka fi asara. Kuma ka riƙa ɗaukar baƙuwar lamba, don su ma suna kira su yi tambayoyi.

In duk ya faskara, akwai ƙofar da da yawa ba su sani ba: ofishin ɗan majalisar jiha na unguwarku. Suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, bin kadin irin wannan fayil.

Abu ɗaya kuma, kada ka kuskura ka ba wani lambar soshiyal ɗinka wai zai “yi maka aiki”. Bayan damfarar da aka tafka a korona an tsaurara bincike ƙwarai, har wani hadimin gwamna daga Najeriya ya sha ɗaurin shekara biyar a 2022 kan satar kuɗin nan da sunayen mutane.

Ka turo min sunan jihar da makarantar take da kuɗin da suka rubuta maka a I-20, takardar da makaranta ke ba ka ta neman biza, mu zauna mu lissafa haya da abinci na wata shida da za ka taho da su a hannunka. Ka gaida su Hajiya.