Ɗana na zazzaɓi: mai allurar unguwa ko asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Muna zaune a Garwa, ɗana shekararsa biyu. Yau kwana uku jikinsa zafi rau, in na ba shi farasitamol ya sauka, anjima ya dawo. Tun jiya ko ruwa ya sha sai ya amayar. Kakarsa ta ce a kira wani mai yin allura a unguwarmu, wai ƙwaya ba ta aiki. Babansa na son asibiti amma yana tsoron kuɗi. Na rasa inda zan sa kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Maman yaro, goya shi yanzu ki tari mai babur zuwa asibitin gunduma mafi kusa da ke, babansa ya same ku can. Yaron da ke amayar da komai ya wuce maganin gida. Haka wanda ke jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko a tashe shi ya ƙi tashi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, da jaririn da bai kai wata 2 ba in jikinsa ya yi zafi. Zazzaɓin da babu ko ɗaya cikin waɗannan, ƙaramin asibitin unguwa ya isa, muddin an je a ranar. Za a ɗan soki yatsa a yi gwajin maleriya, cikin minti 20 an san inda aka dosa.

Sai maganar allura, wadda kullum nake fama da ita. A gaishe da Kaka, ta faɗi gaskiya a abu ɗaya: mai amai ba ya riƙe ƙwaya, wataƙila allura ɗanki ke bukata. Amma wace allura? In maleriya ce mai tsanani, atesunet ake yi, a ɗora yaro kan sikeli a lissafa da nauyinsa, a yi ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, sannan ƙwaya ta kwana 3 in ya fara ci. Mai allurar nan da ke yawo da jaka, irin wanda a Cadi suke kira Dokta Cuku, ina sikelinsa? Ina gwajinsa? Da ido yake auna yaro, ya zuƙi kinin da ya sha zafin Garwa a cikin jaka, ya caka a ɗuwawu. Akwai babbar jijiya da ta bi ta nan ta sauka har ƙafa. Na sha ganin yaran da allura ta same ta, suna jan ƙafa, iyaye na cewa shan-inna ne. Wasu kuma wurin ya kumbura ya tara ruwa sai an tsaga.

Abin da ya fi ƙona min rai, allurar takan saukar da zafin jiki kwana ɗaya ko biyu, gida ya ce an samu sauƙi, alhali cutar na cinye jinin yaro. Sai ƙarfe biyun dare a shigo mana da shi laƙwas, mu shiga neman wanda zai ba da jini, kuɗin da aka guda ya ninka. Kuma wa ya ce kowane zazzaɓi maleriya ne? Sanƙarau da ciwon huhu su ma da zafin jiki suke farawa, kinin ba ya taɓa su.

Ki gaya wa babansa, a Kamaru maganin maleriya kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a asibitocin gwamnati tun 2011, mai tsanani kuma tun 2014. Na sani, wani lokaci a ce magani ya ƙare a miƙa maka takardar saye, wannan takaicin mu ma muna sha. Ya riƙe ɗan abin da ya samu, amma ya tambayi haƙƙinsa.

Ki tafi da katin rigakafinsa da kwalin duk maganin da ya sha, har jiƙon da aka ba shi ki faɗa, ba mai yi miki faɗa.